Bin Ƙungiyarka Zuwa Wani Gari: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Tafiya Kallon Ƙwallo

Duk wanda ya saba kallon ƙungiyarsa a talabijin, ran da ya ƙudiri aniyar bin ta zuwa wani gari, tambayoyin da ke taso masa kusan iri ɗaya ne da na kowa. Na tattaro waɗanda aka fi yi, na amsa su ɗaya bayan ɗaya. Wasan kansa minti 90 ne. Sauran kwana biyu ko ukun, baƙo kake a hannun gari da mutanensa, kuma yawancin abin da ke ɓata irin wannan tafiya tun kafin a bar gida yake somawa.

Me zan fara saya, tikitin jirgi, masauki ko tikitin wasa?

Kada ka fitar da ko sisi sai ka tabbatar an tsayar da ranar wasan da sa'arsa. Jadawalin da ake fitarwa a farkon kakar wasa ba yankakke ba ne. A gasar Firimiyar Ingila, wasan da aka rubuta ranar Asabar yana iya komawa Juma'a da dare ko Lahadi ko Litinin, domin gidajen talabijin da suka sayi haƙƙin nuna gasar su ke zaɓar wasannin da suke so. Yakan ƙara gusawa idan ɗaya daga cikin ƙungiyoyin tana da wasan Turai a tsakiyar mako, ko ta tsallaka wani zagaye a gasar kofi. A Sifaniya da Italiya ma sau da yawa sai ana saura 'yan makonni ake sanar da takamaiman lokaci.

Saboda haka rana ce farko, sai tikitin wasa, sai jirgi. Masauki kuwa ka nemi wanda za ka iya sokewa ba tare da an cire maka kuɗi ba. Idan dole ta sa ka sayi tikitin jirgi da wuri don sauƙin farashi, ka sa zuwanka kafin Juma'a da yamma, komowarka kuma Talata, yadda duk inda wasan ya faɗa a ƙarshen makon kana gari.

Filin ma yakan canja. Wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai na 2021 an ɗauke shi daga Istanbul an kai Porto, na 2022 kuma daga Saint Petersburg aka mayar da shi Paris. A 2018, karo na biyu na wasan ƙarshe na Copa Libertadores, gasar zakarun ƙungiyoyin Kudancin Amurka, tsakanin River Plate da Boca Juniors har teku ya ƙetare, aka buga shi a Madrid bayan an jefi motar 'yan wasan Boca a Buenos Aires. Barcelona kuma daga 2023 ta koma buga wasanninta a filin Montjuïc na wani lokaci saboda gyaran Camp Nou. Ka duba sunan filin da ke jikin tikitinka, kada ka dogara da wanda ka sani tun da.

Ina ake samun tikiti na gaske?

Wajen ƙungiyar, a shafinta na intanet ko ofishin tikitinta, ko wajen hukumar da ke shirya gasar idan ta ƙasa da ƙasa ce kamar FIFA da UEFA da CAF. Sai kuma dillalan da ƙungiyar ta lissafa sunayensu da kanta a shafinta.

Manyan ƙungiyoyin Ingila galibi ba sa sayar wa kowa da kowa. Sai ka fara biyan kuɗin zama mamba na shekara, sannan ka shiga layi ko ƙuri'a. Da yawansu suna da kasuwar musaya ta kansu, inda mai tikitin kakar wasa gaba ɗaya da ba zai samu zuwa ba yake mayar da kujerarsa a sayar wa wani mamba. Ita ce hanyar da na fi ba baƙo shawarar ya bi, ko da yake tana son haƙuri da yawan leƙa shafi, musamman a makon wasan.

Tikitin ɓangaren baƙi, wato inda magoya bayan ƙungiyar da ta zo daga waje suke zama, shi ne mai wuya. UEFA ta wajabta wa masu gida su ware wa baƙi kashi 5 cikin ɗari na kujerun fili. A Jamus kashi 10 ne. A Firimiya kujeru 3,000 ne, ko kashi 10 idan filin bai kai na mutum 30,000 ba, kuma tun kakar 2016/17 aka ƙayyade kuɗin tikitin baƙo kada ya wuce fam 30. Sai dai waɗannan kujerun ƙungiyar baƙin ce ke raba su, kuma takan fara da waɗanda suka fi yawan bin ta wasannin waje. Sabon shiga da wuya rabon ya iso kansa a babban wasa.

Wasu ƙasashen suna da nasu tsarin. A Italiya ana buga sunanka a jikin tikiti, a bakin ƙofa kuma a gwada shi da fasfonka, don haka tikitin wani ba zai shigar da kai ba sai an canja sunan ta hanyar da aka amince. A Turkiyya a 2014 aka shigo da katin Passolig, wanda aka riƙa ɗora tikitin a kansa. Irin wannan ba aikin safiyar wasa ba ne, ka gama shi tun kana gida.

To masu sayarwa a bakin fili ko a Facebook fa?

Ka ƙyale su. A Ingila sayar da tikitin ƙwallo ba da izinin ƙungiya ba laifi ne a doka tun 1994, kuma ƙungiyoyi suna soke duk tikitin da suka gano ya bi ta bayan fage. Kai da ka saya ba ka da inda za ka kai kuka. Yanzu da tikiti ya koma cikin waya abin ya ƙara muni, domin ɗan damfara yana iya tura hoton lambar tikiti guda ga mutum goma. Wanda ya riga isa ƙofa shi zai shiga, idan ma hoton ya yi aiki, don a filaye da dama lambar tana sauyawa a cikin manhaja, hoto ba ya buɗe ƙofa.

Abin da ya fi ba ni takaici a nan ya wuce asarar kuɗin. Mutum ne ya yi watanni yana tari, ya sha wahalar biza, ya ƙetaro ƙasashe, sannan ya tsaya a waje yana jin ihun da ake yi a ciki.

Ban samu ɓangaren baƙi ba. Zan iya zama cikin masu gida?

Mutane suna yi, amma ka san abin da ka shiga. A Ingila sharaɗin tikitin ɓangaren masu gida shi ne na magoya bayansu ne. Idan ka sa rigar baƙi ko ka yi tsalle lokacin da baƙi suka zura ƙwallo, masu tsaron fili za su fitar da kai, kuma suna kan ƙa'ida. Sau da yawa ma fitar da kai ɗin kariya ce gare ka. Idan ka san ba za ka iya riƙe murnarka ba, kada ka sayi kujerar.

Idan za ka zauna, ka nemi gefen fili mai tsawo, kada ka sayi bayan raga. Bayan raga nan ne matattarar 'yan gani-kashe-ni. A San Siro na Milan, bayan ragar arewa, wato Curva Nord, na magoya bayan Inter ne, na kudu, wato Curva Sud, na AC Milan. A Dortmund, ɓangaren kudu yana ɗaukar mutum kusan 25,000, duk a tsaye. Irin waɗannan wurare suna da shugabanninsu da ƙa'idojinsu da ba a rubuce suke ba: lambar kujera ba ta aiki, tuta tana iya tare maka gani tun daga farko har ƙarshe, kuma ba sa son baƙon fuska yana ɗaukar su hoto. Wurinsu ne, wasu a cikinsu a nan iyayensu suka tsaya kafin su.

Akwai kuma inda ba a barin baƙi gaba ɗaya. A Ajantina an hana magoya bayan baƙi shiga wasannin lig a 2013, aka shafe sama da shekara goma a haka. A Faransa da Italiya hukumomi kan hana baƙi zuwa wani wasa guda idan suna tsoron rikici, wani lokaci ana saura kwanaki kaɗan.

Tikitin wasa yana sauƙaƙa samun biza?

A wasannin ƙungiyoyi, a'a. Takarda ce kawai da ke nuna dalilin tafiyarka. Sau biyu aka yi wani tsari na musamman da mutane suke tunawa: katin Fan ID a gasar cin kofin duniya ta Rasha a 2018, da katin Hayya a ta Qatar a 2022, waɗanda suka tsaya a madadin biza. Kada ka ɗauka kowace gasa haka take.

Idan fasfonka yana buƙatar bizar Schengen, wato biza guda da ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, ana iya neman ta tun ana saura wata shida, kuma a ƙa'ida kada ya gaza kwana 15 kafin tafiya. Ana neman inshorar lafiya da ta kai ta yuro 30,000, kuma ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta shi za ka je. Birtaniya da Ayalan ba sa cikin Schengen. Wanda zai kalli wasa a Manchester ran Asabar, ya wuce Munich ran Talata, izinin shiga biyu yake buƙata. A nan matsalar wasannin sili-ɗaya-ƙwale take: tsakanin fitar da jadawali da ranar wasa lokacin gajere ne, sau da yawa bai isa a samu ranar ganawa a ofishin biza ba.

In kama masauki kusa da fili ko a tsakiyar gari?

Tsakiyar gari, ko kusa da babbar tashar jirgin ƙasa. Filaye da yawa, musamman sababbi, a gefen gari suke. Na Bayern Munich yana Fröttmaning, can arewa a kan layin jirgin ƙasa na U6. Na Lyon yana Décines, wajen birnin. Stade de France yana Saint-Denis. Idan aka tashi daga wasa irin waɗannan unguwanni sukan yi tsit. Abin da za ka duba shi ne layin jirgi ko bas da zai kai ka fili ba tare da ka yi ta sauyi ba, da kuma lokacin da na ƙarshe yake tashi. A Sifaniya ana take wasa da ƙarfe tara na dare, idan na kofi ne aka yi ƙarin lokaci da bugun fanareti, sai wajen sha biyu za ka fito.

Yaushe ya kamata in isa fili?

Wasan lig, sa'a ɗaya da rabi kafin a take. Wasan ƙarshe ko na hamayya, sa'a uku ba ta yi yawa ba, domin akan yi shingen bincike biyu ko uku kafin ainihin ƙofa.

Ka bar tasi, ka bi jirgin ƙasa ko ƙafa, don ana rufe titunan da ke kewaye da fili. A garuruwan Jamus da dama tikitin wasan ya haɗa har da kuɗin jirgi da bas na cikin gari a ranar, ka karanta jikinsa kafin ka sayi wani. Sunan tasha ma yana ruɗarwa. A Landan, filin Chelsea a Fulham yake, tasharsa Fulham Broadway. West Ham kuwa tun 2016 ta koma Stratford. Ka duba shafin ƙungiyar, ka kuma tambayi mutanen gari, matambayi ba ya ɓata. Baƙi suna da ƙofarsu daban, wani lokaci har da tashar da 'yan sanda suka ce a sauka. A wasannin Turai akan tara su a wani dandali a raka su gaba ɗaya. Ka bi wannan tsarin ko da kana ganin ka san gajeriyar hanya.

Me zan riƙe, me zan bari a ɗaki?

Waya cike da caji, da tikitin da ka riga ka sauke a cikinta, domin inda mutum dubu sittin suka taru intanet ba ya tafiya. Katin banki, saboda filaye da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi. Sabon filin Tottenham tun buɗe shi a 2019 haka yake. Takardar shaida idan tikitin mai suna ne. Riga mai kauri, don sanyin dare a saman fili ya fi na cikin gari nesa ba kusa ba. Ka rubuta adireshin masaukinka a takarda ka sa a aljihu.

Jaka ka bar ta. A Wembley duk wadda ta fi girman takardar A4 ba ta shiga, kuma ba kowane fili ke da wurin ajiya ba. Lema mai tsini, kwalba, babbar kyamara, duk ana iya karɓe su. Walat da waya su zauna a aljihun gaba, don 'yan sane sun san jirgin da ya cika da baƙi masu waƙa.

Zan iya yawo da rigar ƙungiyata a gari?

Ya danganta da garin da kuma wasan. A gasar cin kofin duniya ko ta nahiya, rigar ce ma ke jawo maka gaisuwa da hira. A wasan ƙungiyoyi masu tsohuwar gaba kuwa, ka ɗora wata riga a kai sai ka shiga ɓangarenku. A Glasgow, kore da fari na Celtic da shuɗi na Rangers suna ɗauke da tarihin addini da siyasa da ya girmi duk wanda ke filin. A Istanbul, Kadıköy ta Fenerbahçe ce, unguwar Beşiktaş kuma sunanta ma ya faɗa maka ta wace ce. Baƙo ko da ido makaho ne, bai san wane titi ne na wa ba.

Dokokin cikin fili ma ka san su. A Ingila tun 1985 aka hana shan barasa a inda ake hangen fili, kuma ana iya hana wanda ya bugu shiga. Dokar 1991 ta mayar da jifa, da waƙar wariyar launin fata, da tsallakawa cikin fili laifukan da ake gurfanar da mutum a kotu a kansu. Baƙon da aka kama da ɗaya daga ciki, zancen yana iya bin sa har neman bizarsa ta gaba.

Wata magana da nake so a riƙe: akwai waƙoƙin da ake yi don tsokanar abokan hamayya da mutanensu da suka mutu a wani bala'i. Ko kowa a gefenka yana yi, kai ka yi shiru. 'Yan uwan mamatan suna raye, wasunsu suna cikin filin.

Idan cunkoso ya yi yawa a ƙofa, me zan yi?

Wannan ce tambayar da ba a cika yi ba, kuma ita ce ta fi kowace muhimmanci a wurina. A filin Hillsborough da ke Sheffield, ranar 15 ga Afrilun 1989, turmutsutsu ya yi sanadin mutuwar magoya bayan Liverpool 97, kuma binciken kotu na 2016 ya tabbatar ba laifinsu ba ne. A Janairun 2022 mutum takwas suka rasu a ƙofar filin Olembe da ke Yawunde, ranar wasan Kamaru da Komoros. A Oktoban wannan shekarar mutum 135 suka mutu a filin Kanjuruhan na Indonesiya, bayan an harba hayaƙi mai sa hawaye jama'a suka ruga ƙofofin fita. A Paris ranar 28 ga Mayun 2022, ranar wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai, dubban masu tikiti na gaske suka maƙale a wata ƙuntatacciyar hanya kusa da Stade de France, aka jinkirta wasan fiye da rabin sa'a, daga baya kwamitin bincike mai zaman kansa ya ɗora babban alhakin a kan UEFA. Mai tikiti na gaske da ya zo a kan lokaci ma abin yana iya rutsawa da shi.

Alamar haɗari ita ce ka ji jikin mutane yana matsa ka ta kowane ɓangare, ka kasa ɗaga hannu, ko ka ji taron yana kai ka inda ba ka nufa ba. Da ka hango haka daga nesa, ka tsaya, kada ka shiga, ko da kuwa za a take wasa ba ka ciki. Idan ka riga ka shiga, ka ɗaga hannuwanka gaban ƙirji don ka samar wa huhunka wurin numfashi, domin matsewar ƙirji ce take kashe yawancin mutane a turmutsutsu. Ka tsaya da ƙafafunka. Duk abin da ya faɗi, ko waya ce, ka bar shi. Kada ka yi kokawa da taron, ka bi shi kana zamewa gefe a hankali duk lokacin da ya sassauta, ka kuma nisanci bango da shingen ƙarfe. Wanda ya faɗi kusa da kai, ka ɗaga shi nan take.

Da ka zauna a kujerarka, ka duba ƙofar fita biyu, har da wadda ba ta ita ka shigo ba.

Zan iya zuwa da iyali?

Ƙwarai. Ƙungiyoyi da yawa suna da ɓangaren iyali, inda hayaniya da zage-zage suka yi sauƙi. Ka zaɓi wasan rana, ka guji na hamayya a karon farko. Yaro ka rubuta lambar wayarka ka sa masa a aljihu, ku kuma tsayar da wurin haɗuwa idan an rabu. Mai keken guragu ya tuntuɓi ƙungiyar da wuri, wuraren kaɗan ne kuma ba a shafin kowa da kowa ake sayar da su ba.

Bayan an tashi fa?

A wasannin Turai akan tsare baƙi a cikin fili rabin sa'a, wani lokaci har sa'a guda, sai masu gida sun watse. Ka sa wannan a lissafinka kafin ka sayi tikitin jirgin dare. Ko ba a tsare ka ba, zama na minti ashirin ya fi shiga layin tasha lokacin da kowa ya fito. Idan kun ci, ka yi murnarka a ciki, a titi kuma ka sassauta. Garin nasu ne, kuma ransu a ɓace yake.

Ban samu tikiti ba sam. Tafiyar tana da amfani?

Tana da shi, in dai ba hukuma ce ta ce marasa tikiti kada su zo ba. A manyan gasa akan kafa dandalin kallo da manyan allo a tsakiyar gari. Filaye da yawa suna zagayawa da baƙi har ɗakin canja kaya da bakin fili, sai dai ba a cika yin haka ranar wasa ba, don haka ka sa shi a jajibiri ko washegari. Manchester tana da gidan tarihin ƙwallon ƙafa na ƙasa, Dortmund tana da na Jamus daura da babbar tashar jirgi, Zurich tana da na FIFA. A Liverpool kana iya takawa da ƙafa daga Anfield ka ratsa lambun Stanley Park zuwa Goodison Park, tsohon gidan Everton, cikin 'yan mintoci. A Madrid, idan Real ta ɗauki kofi dandalin Cibeles ake cika, idan Atlético ce kuwa Neptuno, kuma tsakaninsu tafiyar ƙafa ce kaɗan a titi ɗaya.

Sannan ka duba jadawalin ƙananan ƙungiyoyin garin. Landan kaɗai tana da ƙungiyoyin ƙwararru fiye da goma, kuma a ƙananan rukunai sau da yawa a bakin ƙofa ake sayen tikiti ranar wasan. A can za ka zauna dab da fili har kana jin mai tsaron gida yana yi wa 'yan bayansa tsawa, kuma dattijon da ke gefenka, da ya ji daga nesa ka zo, zai ba ka labarin ƙungiyar tun daga shekarar da mahaifinsa ya fara kawo shi.